Tuwo Ko Mai: Wa Ke Da Laifi?

'Yan'uwa ɗalibai, daga Gusau har Tsafe da Bunguɗu, tallan littattafan rage ƙiba ya cika mana WhatsApp. Wannan ya ce mu bar tuwo da shinkafa, wancan ya ce mai ne matsalar. Tun 1972 Dokta Atkins na Amurka ya ci kasuwa da na farkon. Amma a 2018 binciken Jami'ar Stanford kan mutum 609 ya nuna ɓangarorin biyu sun rage nauyi kusan daidai cikin shekara guda. Mai littafi ciniki yake nema. Mu kuwa jikinmu girma yake yi, ga jarrabawa a gaba. Mu rage lemun kwalba, mu ƙara wake da zogale. Kada mu shiga aji da yunwa.