Kafin A Miƙa Wa Yaro Keke, A Tuna Da Gwiwarsa

Akwai wani wasan tseren keke da ake yi cikin daji da tsaunuka, kan hanyar ƙafa mai duwatsu, saiwoyi da gangara. An shigar da shi gasar Olamfik a birnin Atlanta na Amurka a 1996. Hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ta wajabta wa kowane ɗan tsere sanya hular kwano, amma galibin gwanayen wannan tsere ba sa ɗaura makarin gwiwa ko na gwiwar hannu. Hujjarsu ita ce nauyi, zafi, da takura ƙafa wajen hawan tudu.

Me ya kawo wannan zance cikin mujallar masu ciki da iyalansu? Dalilin shi ne yaron da aka saya wa keke da Sallah ko bayan jarabawa, kan irin wannan hanyar yake tuƙi: lungu mai tsakuwa, ramukan da ruwan damina ya haƙa, da bakin kwata. Bambancin kawai, ɗan tsere ya shekara yana koyon yadda ake faɗuwa, kuma akwai ma'aikatan jinya a gefen hanya suna jiransa. Yaronmu ba shi da ko ɗaya. Don haka ra'ayina shi ne kada a kwaikwayi gwanaye. A saya wa yaro makari.

Sai dai a san abin da makarin ke iyawa. Aikinsa kare fata da rage ƙarfin bugu kai tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a gwiwa da gwiwar hannu babu tsoka tsakanin fata da ƙashi. Dutse mai kaifi na iya yanka har kusa da gaɓa, ya tura ƙasa da kashin dabbobi ciki. Idan aka samu rauni a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, kada a zuba toka, ƙasa ko man birki, sannan a duba ko allurar tetanus ɗin yaron ta cika. Idan gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, yaro na zazzaɓi ko ya ƙi takawa, a kawo shi asibiti ranar.

Abin da makari ba ya hanawa shi ne karaya. Mai faɗuwa daga keke hannu yake miƙawa ya tare ƙasa, ƙarfin kuma ya bi ta tafin hannu ya haura. A yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 8, ƙashin dantse yakan karye daidai saman gwiwar hannu, ko da makari ko babu.

A nan nake son iyaye su tsaya su saurara. Babbar jijiyar jinin da ke ciyar da hannu ta gaban wannan wuri take wucewa. Karyayyen ƙashi na iya danne ta, kumburi ya ƙara matsewa. Idan kuma aka kai yaro wurin mai ɗori ya jera karare ya ɗaure tamau, an toshe sauran hanyar da ta rage. Cikin sa'o'i kaɗan tsokar hannu takan fara mutuwa. Wasu yaran yatsunsu kan ƙanƙance har abada, wasu hannun ya ruɓe sai an yanke. Likitocin ƙashi a asibitocin koyarwa na Arewa sun daɗe suna kokawa kan wannan. Alamomin haɗari su ne yatsu su yi sanyi ko su canja launi, su mutu, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, musamman idan an miƙar da yatsun. Kada a ja hannun, kada a murza. A tallafe shi yadda yake, a dakatar da ba yaron abinci don wataƙila a yi masa aiki, a taho a ɗauki hoton ƙashi.

Wajen saye, hular kwano ce farko, ba gardama. Sai safar hannu, makarin gwiwa, sannan na gwiwar hannu. A gwada a jikin yaron. Wanda aka saya da girma don "zai girma ya same shi" zamewa yake yi daidai lokacin da ake buƙatarsa. Wanda ya matse har ya bar shaida a fata shi ma bai yi ba. Maganar zafi gaskiya ce a garinmu, to a bar hawan keke sai da safe ko bayan la'asar. Idan kuɗi bai kai ba, dogon wando mai kauri ya fi gajere.

Ke kuma mai juna biyu, babu makarin da aka yi wa ciki. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta sanya tuƙa keke a hanya marar kwalta cikin wasannin da mai ciki za ta guje wa, domin nauyin jiki ya koma gaba, gaɓoɓi sun saki, faɗuwa ta yi sauƙi. Bugu a ciki na iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa, wani lokaci ba tare da an ga jini a waje ba. Idan kin faɗi, daga keke ne ko daga bayan babur, ki zo a duba ki ko da kina jin lafiyarki ƙalau. Kada ki jira ranar awo.