Birnin Da Aka Ce Ba Ya Sanyi

A kudancin ƙasar Sifen, a yankin da Larabawa suka sa wa suna Andalus, akwai wani tsohon birni a bakin babban kogi. Mutanensa suna ce da shi Sebiya, amma a littattafan Larabci sunansa Ishbiliya. Doguwar hasumiyar da birnin ya ke alfahari da ita tun asali ta masallaci ce, an gama gininta a shekarar 1198.

In ka tambayi mutumin arewacin Turai labarin Ishbiliya, sai ya yi dariya, ya ce ai mutanen can ba su san sanyi ba. Ni kuwa ina ganin rabin maganar nan ne kaɗai gaskiya, kuma rabin da aka bari shi ne mai cutarwa.

Bari mu fara da rabin da ke gaskiya. Janairu shi ne watan da ya fi kowane sanyi a birnin. Duk da haka, da rana ma'aunin zafi ya kan kai digiri 16, da asuba kuwa ya sauka wajen digiri 6. Ku tuna, ruwa ba ya daskarewa sai ma'auni ya sauka kan sifiri. Dusar ƙanƙara, wadda ke rufe hanyoyin arewa wata da watanni, baƙuwa ce a nan. Ta sauka ta lulluɓe birnin ranar 2 ga Fabrairu, 1954, har yau tsofaffi na ba jikokinsu labari. A Janairun 2010 ta ɗan yi yayyafi, amma ba ta kwanta ba. Itatuwan lemo dubbai suna jere a bakin tituna, cikin sanyin nan ne 'ya'yansu ke nuna, su yi ja kamar garwashi. Kada dai yawunku ya tsinke, lemon ɗaci gare shi. Irinsa ne a ke kai wa Ingila, a dafa da sukari, a riƙa shafa wa burodi.

To, ga sauran rabin. Mu a ƙasar Hausa damina dabam, hunturu dabam. Sa'ad da sanyi ya zo mana, sama ta riga ta ɗauke, iska busasshiya ce, har leɓe da diddige su tsage. A Ishbiliya sanyi da ruwa tare su ke zuwa. Yawancin ruwan shekara yana sauka ne daga Oktoba zuwa Afrilu. Wani lokaci ya kan yi yawa ƙwarai: a Nuwamban 1961 wani rafi ya ɓalle, ya ci unguwanni, mutane da yawa suka rasa wurin kwana. Sanyi mai laima kuwa ba ya tsayawa a fata. Wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, bango ya yi danshi, bargo ma ka taɓa ka ji kamar an yayyafa masa ruwa.

Babban abin dubawa shi ne gidajen. Zafin bazarar Ishbiliya ba wasa ba ne, cikin Yuli da Agusta sau da yawa ya kan wuce digiri 40. Saboda haka magabata suka yi gini don gudun rana. Suka yi bango mai kauri, da tsakar gida mai inuwa, da daɓe na dutse mai santsi, da lunguna matsattsu inda rana ba ta leƙawa sai da tsaka. A Yuli wannan ni'ima ce. A Janairu kuwa ɗaki ya kan zama kamar cikin randa. Sai ka ga mutum ya fita dandali yana shan hantsi, ya tuɓe kwat ya rataya a kafaɗa, in ya koma gida ya sake sawa. Mutumin Finlan, can ƙurewar arewa, ba haka ya ke ba. Ya san abin da ke zuwa, ya yi wa tagoginsa gilashi biyu ko uku, ya ja bututun ruwan zafi cikin kowane ɗaki. Waje ƙanƙara, shi kuwa yana zaune da 'yar riga.

Wani zai ce ai wannan ɗan rashin jin daɗi ne kawai. Ba haka ba ne. A shekarar 2003 aka buga wani bincike a kan ƙasashen Turai 14. A kowacce mutuwa ta fi yawa lokacin sanyi, amma ƙarin bai zo daidai ba. A Finlan ƙarin kashi 10 ne cikin ɗari, a Sifen kashi 21, a maƙwabciyarta Fotugal kashi 28. Watau ƙasashen da a ke yi wa kallon marasa sanyi, su ne sanyi ya fi yi wa ɓarna. Tsofaffi ya fi kamawa, da matalauta masu zama a ɗaki mai danshi ba abin ɗumamawa, tari da ciwon ƙirji su same su.

Mutanen Andalus suna da wata tsohuwar dabara da za ta tuna muku gida. Suna lulluɓe tebur da zane mai kauri har ƙasa, su sa kaskon wuta a ƙarƙashi, iyali su zauna kewaye, kowa ya tura ƙafafunsa ciki, ya ja zanen bisa cinya. A nan a ke cin abinci, a nan yara ke aikin makaranta. Dabarar tana da daɗi, tana kuma da haɗari, irin haɗarin kaskon da kakanninku ke kwana da shi cikin hunturu. Gawayi yana fid da wata iska marar launi, marar wari, in ɗaki na rufe ruf sai ta kashe mai barci bai farka ba. Yanzu yawancinsu sun koma kasko na lantarki, amma shi ma in aka manta da shi ya kan kama zanen.

Sanyin dai ba ya daɗewa. Fabrairu na wucewa rana ta fara ƙarfi. Cikin Maris itatuwan lemo su fid da farin fure, ƙanshinsa ya cika lunguna, uwar gida ta kashe kasko, ta buɗe tagogi ɗaki ya sha iska.