Mai Ɓoye Takarda Ya Fi Mai Zagi Raina Kotu

Duk wanda ya san Dabokpa, da sauran unguwannin Tamale inda gine-gine ke ta cinye tsofaffin gonaki, ya san cewa yawancin husumar da ke kai maƙwabta gaban alƙali a kan fili take, kuma filin da aka sayar wa mutum biyu ba a gane mai shi da rantsuwa ko yawan shaidu, sai an fito da takardar rabo ta sarki, da taswirar safiyo, da abin da ke rubuce a kundin Hukumar Filaye. To, idan alƙali ya yi umarni a kawo takardar, aka wayi gari ana cewa fayil ya ɓata, ko mai riƙe da mabuɗi ya yi balaguro, aka ɗage zama, aka sake ɗagewa, har mai ƙaramin ƙarfi ya ƙarar da guzirinsa wajen lauya ya haƙura, haƙiƙa an yanke hukunci, illa dai ba alƙali ne ya yanke shi ba.

Ba doka ce ta gaza ba. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ba manyan kotuna ikon ɗaure wanda ya raina su, ƙa'idojin Babbar Kotu na 2004 kuma sun halatta a kori ƙarar wanda ya ƙi bayyana takardunsa, ko a soke kariyarsa. Mun ma ga kaifin wannan iko: a 2013, lokacin shari'ar zaɓe, Kotun Ƙoli ta ɗaure ɗan jarida Ken Kuranchie kwana 10, a 2016 kuma ta yanke wa mutum uku na rediyon Montie wata 4 saboda barazana ga alƙalai, kafin Shugaba Mahama ya yi musu afuwa. Ban ce harshensu ya yi daidai ba. Amma zagi mutuncin alƙali yake taɓawa, ɓoye hujja kuwa haƙƙin wanda aka zalunta yake halakawa, shi ya sa Alƙur'ani, a ƙarshen suratul Baƙara inda aka yi umarni da rubuta bashi, ya ƙirga ɓoye shaida cikin zunuban zuciya.

Alhali kuwa duk sa'ad da kotu ta tsaya kai da fata, takarda takan fito. A shekarar 2016 ɗin, cikin ƙarar Abu Ramadan, Kotun Ƙoli ta yanka wa Hukumar Zaɓe wa'adi, sai ga sunaye fiye da 56,000 na waɗanda suka yi rajistar zaɓe da katin inshorar lafiya. A Amurka ma, a 2022, wani alƙali a New York ya ɗora wa Donald Trump tarar dala 10,000 kowace rana saboda ƙin miƙa takardu, har sai da ya biya dala 110,000.

Abin da nake roƙon alƙalanmu na Tamale, Allah ya ƙara musu basira, shi ne umarnin kawo takarda ya riƙa ambaton sunan jami'in da amanar ke wuyansa, da ranar da wa'adi zai cika. In ranar ta wuce babu uzurin da shari'a ta karɓa, tara ta fito daga aljihunsa, kada a taɓa baitulmali, domin kuɗin baitulmali harajin wannan talakan ne da aka hana wa takardar.