A Ajiye Almakashin Nan Har Watan Mayu

Duk shekarar da sanyi ya tsananta a Ingila, da zarar ƙanƙara ta narke sai ka ga mutane sun fito da almakashi da shebur, suna datse duk reshen da ya yi baƙi, suna tumɓuke abin da ya langaɓe. A ganinsu itacen ado da sanyi ya ƙona ya gama yawo, barinsa ƙazanta ce, kuma mai lambun kirki shi ne mai saurin share wuri. Wannan ra'ayi ɓarna ce tsagwaronta, kuma abin da ya fi damuna shi ne 'yan uwanmu da suka samu gida mai ɗan fili a Landan ko Manchesta sun fara kwaikwayon maƙwabta.

A Disambar 2022 sanyi ya kai digiri 17 ƙasa da sifili a garin Braemar na Sikotland, bayan Nuwamba mai ɗumi da bai bar itatuwa sun shirya ba. Waɗanda suka fi shan wuya baƙi ne, irin su hebe da cordyline, 'yan asalin New Zealand. Amma me sanyin yake yi musu? Ƙanƙara ce ke taruwa a tsakanin ƙwayoyin ganye, ta zuƙe musu ruwa. Idan ƙasa ma ta daskare, saiwa ba ta iya mayar da abin da iska ta ɗauke. Ganye ya ƙone ke nan, alhali ƙasa ta lulluɓe saiwa, sau da yawa tana nan da ranta. Ɗan ƙasarmu bai kamata ya ruɗu da ganye ba: gawo yakan tsaya tsirara a tsakiyar damina, kuma babu manomin da ke sa masa gatari don haka.

Wanda ya datse a Janairu ya yi ɓarna biyu. Ya cire busasshen ganyen da ke kare idanun toho na ƙasa daga sanyi na gaba, sannan ya zuga itacen ya fitar da sabon toho mai taushi, alhali a can sanyi mai daskarar da raɓa yana iya dawowa har tsakiyar Mayu, a arewacin ƙasar ma ya wuce haka. Tohon ya fito, dare ɗaya ya ƙone shi, ɗan ƙarfin da itacen ya adana ya tafi a banza. Mai zuba takin zamani don tausayi ma hanya ɗaya ya bi. Shi ya sa ƙungiyar masu lambu ta Royal Horticultural Society take ba da shawarar a jira har hatsarin sanyi ya wuce.

Za a ce to a zuba ido gida ya yi muni wata huɗu? E, a zuba. Reshen da ya karye a cire shi, kan cordyline da ya ruɓe yana wari a yanke shi zuwa inda itacen yake da tauri, a baza ruɓaɓɓen ganye a gindi, na cikin tukunya a matsar da shi jikin bango, domin saiwarsa ba ta da kariya. Sauran a bar shi. Mai sayar da shuke-shuke ba zai hana ka saurin sayen sabo ba, ciniki yake yi.

Idan Mayu ta zo, ka kankare ɓawo da farce, ka faro daga sama kana gangarowa. Inda ka ga kore da danshi, nan rai yake, sai ka yanke daidai samansa. Cordyline da yawa da aka fid da rai da su bayan sanyin Disambar 2010 sun sake tohowa daga gindi, wasu sai da aka shiga Yuni ko Yuli. Hebe mai manyan ganye kam ba ta cika dawowa ba. Idan Yuli ta wuce babu toho, a lokacin ne za a ɗauko shebur, a dasa irin da ya fi jure sanyi.