Fadamar da ke tsakanin tuddan yashi a Madagaska

Manomin ƙasar Hausa ya san jigawa, ya san fadama, kuma ya san kowace da wurinta. To a gabar kudu maso gabashin tsibirin Madagaska, kusa da garin Taolagnaro, su biyun a cuɗe suke. Iska da igiyar teku sun jera tuddan yashi layi-layi a bakin ruwa, a kwarin da ke tsakaninsu kuma ruwan sama ya kwanta bai da mafita. Ganye na zuba a ciki yana ruɓewa har ruwan ya koma kalar shayi. A nan itacen fandanus yake tsaye kan saiwoyinsa kamar mai dogara sanda, ga rabenala mai ganye irin na ayaba da ya baje kamar mafici.

Abin da ya fi damuna shi ne wata ciyawa mai suna mahampy, da ke fitowa inda fadamar ta buɗe. Matan ƙabilar Antanosi kan shiga ruwa su yanko ta, su shanya, su saƙa tabarma da malfa da kwando. Da kuɗinta ake sayen shinkafa, da shi ake biyan makaranta. Duk wanda ya taɓa ganin uwa tana saƙar kaba don ciyar da gida ya san nauyin wannan magana.

Kurmin gabar Madagaska, abin da ya rage bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Gawayi da gobarar daji sun ci nasu. Wani baƙon itace daga yankin Ostareliya, niyawuli, yana mamaye fadamun. Sannan tun wajen 2009 kamfanin QMM, wanda kamfanin Rio Tinto ke da kaso mafi tsoka a cikinsa, yake haƙar baƙin yashin ilmanait a Mandena, wani yanki na wannan gaba: a share daji, a haƙa tafki, inji ya zuƙe yashin, a kai ma'adinin Kanada a sarrafa shi don yin farin fenti.

Kamfanin ya keɓe hekta 230 a Mandena don kare daji, yana kuma dashen itatuwa. Madalla. Amma itace ake dasawa. Kwanciyar ruwa a ƙarƙashin yashi, wadda ta ɗauki dubban shekaru tana daidaita, ba ta fitowa daga gandun renon tsirrai. Sauran wurare biyu na jiran injin, Petriky da Sainte Luce, kuma kurmin Sainte Luce na cikin mafi lafiya da suka rage. Kafin a taɓa shi, a zauna da masu saƙar tabarmar nan, a ji ta bakinsu.