Gubar Waya Ta Shigo Aji

A watan Yunin 2018, lokacin rikicin yankin Barikin Ladi a jihar Filato, an yi ta yaɗa hoton wani jariri da aka sassara a Facebook, ana cewa wai aikin Fulani ne. Binciken BBC ya gano cewa tsohon hoto ne. Amma ina! Kafin gaskiya ta fito matasa sun riga sun tare hanya, sun kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba.

Ba mamaki. Kamfanin da talla yake cin abinci, kuma ba abin da ke riƙe mutum a kan waya kamar abin da ya fusata shi.

To, yaron da ya kwana yana kallon irin wannan, shi ne da safe zai zauna benci ɗaya da ɗan wata ƙabila. Sai a ji "arne" ko "ɗan ta'adda" a aji, malami ya yi murmushi ya wuce. A Ruwanda, kafin kisan kiyashin 1994, malamai ne ke sa yaran Tutsi su miƙe tsaye a ƙirga su.

Lallai 'yan'uwa matasa masu koyarwa, a boko ko Islamiyya, su daina kau da kai. Duk ɗalibin da ya kawo irin wannan labari, a tambaye shi gaban 'yan ajinsu: wa ya ɗauki hoton, yaushe, a wane gari?