Matasan Kuyello, ku kwance hannun gem ku ga abin da ke ciki



Yau da kai nake, kai da yatsunka suka haddace hannun gem har ba ka duban maɓalli idan kana buga PES. Kana iya yanke 'yan baya uku ka jefa ƙwallo a raga kana hira da na kusa da kai. A gida ana ce maka ɓata lokaci kake yi, kuma in don kwana a shagon gem da kuɗin cefane ne, manya suna da gaskiya. Amma akwai abin da ba su gaya maka ba: wannan hannun gem ɗin shi ne abin da ake tuƙa mutum-mutumi da shi a manyan gasannin ɗalibai na duniya. Ra'ayina shi ne matasan Kuyello su daina jiran wani ya kawo musu gasar daga Abuja, su haɗa tasu da abin da ke hannunsu.

Kada ka ce zuƙi ta malle nake. A gasar FIRST Tech Challenge, wadda ɗaliban sakandare ke yi a Amurka da wasu ƙasashe da dama, hannun gem na Logitech ko Xbox ko PS4 direbobi ke riƙewa. A 2018 sojin ruwan Amurka sun ƙaddamar da jirgin ƙarƙashin teku mai suna USS Colorado, kuma da hannun Xbox ake juya madubin leƙen da ke samansa. Na'urar da ya maye gurbinta ta kai dala 38,000, shi kuwa bai wuce dala 30 ba, sannan samarin sojojin cikin mintuna suke gane shi domin da shi suka tashi. Na san wani zai tuno min jirgin Titan da ya tarwatse da mutum biyar a Yunin 2023, wanda aka yi ta yi wa dariya a soshiyal midiya don da hannun Logitech ake tuƙa shi. To, bincike ya ɗora laifin a kan gangar jikin jirgin da sakacin kamfanin. Hannun gem bai ci nanin ba, nanin ta ci shi.

Me ke cikin abin nan ne? Nemi wanda ya lalace a shagon gem, ka kwance shi. Ƙarƙashin kowane ɗan sandan da kake murzawa da babban yatsa akwai abubuwa biyu irin na ƙara murya a tsohuwar rediyo. Ɗaya yana auna sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. A hannun PS2, abin da yake aikawa lamba ce daga 0 zuwa 255, tsakiya kuma wajen 128. Shi ke nan sirrin. Hannun bai san ƙwallo ba, bai san Messi ba, lamba kawai yake turawa. Injin gem ya karɓi lambar ya ce ɗan wasa ya ruga. Kai kuma za ka sa wani ɗan fanel ya karɓi lambar ya ce taya ta juya.

Hanya biyu ce mafi sauƙi. Ta farko, hannun PS2 da fanel ɗin Arduino, a haɗa su da wayoyi, a saka manhajar da ake kira PS2X. Ta biyu, hannun PS4 da fanel ɗin ESP32, wanda ke da Bluetooth a jikinsa, a saka masa manhajar Bluepad32. Duk manhajojin kyauta ne. A kula, ESP32 na asali za a saya, domin ƙannensa irin su C3 da S3 ba sa jin yaren hannun PS4, kuma wasu jabun hannuwa kan yi gardama. Tsakanin fanel da injinan da ke juya taya ana sa wani ɗan fanel mai suna L298N, saboda ƙwaƙwalwar ba ta iya ɗaukar wutar da inji ke ja. Injinan kuwa suna nan a motar wasan yara, tsohuwar DVD da firinta. Batir 18650 yana cikin tsohon batirin laftof da fawa bank, guda biyu a jere su ba ka bolt 7.4. Wanda ya kumbura ko ya fashe a jefar da shi nesa, domin yana kama wuta. Jikin kuma katako, kwali, ko murfin bokitin fenti.

Wurin da gwaninta take shi ne gyaran hali. Tsohon hannun gem ba ya komawa tsakiya daidai, shi ya sa wani lokaci ɗan wasanka ke tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. A mutum-mutumi ma haka zai yi ta rarrafe, sai ka rubuta masa cewa duk lambar da ke kusa da 128 ya ɗauke ta a matsayin tsayawa. Sai ka zaɓi salon tuƙi: ko sandan hagu ya ja tayar hagu, na dama ya ja ta dama, ko sanda ɗaya ya yi duka. Ka ware maɓalli ɗaya na tafiyar hawainiya don shiga lungu. Mafi muhimmanci, ka koya masa cewa da zarar ya daina jin hannun gem, ya tsaya cik. Wanda ya warware waɗannan huɗun da kansa ya koyi abin da wani ke biyan kuɗin makaranta ya koya.

Ga wani abin da ya dace da mu. Ba mu manta ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse sabis a Birnin Gwari saboda matsalar tsaro, mutum sai ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa. Wannan aikin bai damu da sabis ba. Sau ɗaya za a sauke manhaja a laftof, ko da aro ne, a zuba ta a fanel. Daga nan Bluetooth ne tsakanin hannu da inji, ko kati ba ya ci. Kayan da babu a gari, ɗan'uwa mai zuwa Funtuwa, Zariya ko Kaduna zai iya nemo su, ko a yi odarsu ta hannunsa. Mai gyaran waya na bakin kasuwa yana da abin liƙin dalma, kuma ya fi ka sanin inda wuta ke bi. Ka ja shi cikin tawaga.

Na san abin da wani zai rubuta a ƙarƙashin wannan rubutu: ana fama da tsaro da tsadar taki, wa ke ta mutum-mutumi? Tambayar tana kan hanya, amma mu duba abin da ke gabanmu. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta yi ta kokawa cewa 'yan Ansaru na jan matasa a gabashin ƙaramar hukumar, wato yankinmu. Mutanen daji ba da wa'azi kaɗai suke jan yaro ba. Suna nuna masa babur, waya da jin cewa shi ma wani ne. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Mun gode Allah. Sai dai buɗe kasuwa bai cike ramin da shekarun rashin makaranta suka bari a rayuwar ɗan shekara 16 ba. Yaron nan yana son a tafa masa. In gari bai samar masa filin da za a tafa masa ba, akwai masu jiran sa a bayan gari. Ban ce ɗan inji mai taya biyu zai kawo ƙarshen ta'addanci ba. Na ce wanda ya gane yadda batir, fanel da inji ke aiki tare ya kama hanyar gyaran sola, inbata da famfon ban-ruwa, kuma wannan abinci ne a ƙasar noma irin tamu.

Waɗanda suka fi mu shiga uku ma sun yi. A 2017, lokacin gasar FIRST Global ta farko a Washington, 'yan mata shida daga Herat ta Afganistan sau biyu ana hana su biza kafin a bar su su shiga, kuma suka koma gida da lambar yabo. A 2020 tawagar tasu ta haɗa na'urar taimakon numfashi da kayan tsohuwar Toyota Corolla. Don haka ke ma ƙanwata da ke karanta wannan a wayar yayanki, da ke nake. A nan kusa, a 2022, Isah Auwal Barde na Kano yana ɗan shekara 17 ya haɗa mutum-mutumin da ke kwaikwayon motsin jikinsa. Mun yi ta yaɗa bidiyonsa muna rubuta "Arewa akwai baiwa", muka wuce. Mutum nawa ne a cikinmu suka ɗauki sukundireba bayan nan?

Ga shawarata. Bayan an gama girbi, a samu filin makaranta, a ja layi da toka. Kowace unguwa ta fito da tawagar mutum huɗu ko biyar: direba, mai haɗa wuta, mai rubuta umarni, mai ƙera jiki. Aikin shi ne a tura gorubar masara ko totuwa zuwa cikin da'irar da za a kira rumbu, cikin minti biyu, wanda ya fi tarawa ya ci. A sa iyakar kuɗin da za a kashe don kada ɗan mai kuɗi ya saye kofin. Mai shagon gem ya ba da matattun hannuwa, malamin kimiyya ya zama alƙali. In ta yi kyau, baɗi a gayyato Dogon Dawa, Damari da Tabanni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. A yankinmu, yaro da wayoyi da batir da abin sarrafawa daga nesa zai iya jawo wa kansa zargin da ba zai iya wanke kansa ba. Kada a yi aikin nan a ɓoye. A sanar da iyaye, shugaban makaranta da mai gari tun ranar farko, a yi shi a fili kowa na gani. Kada a ratsa shingen jami'an tsaro da shi a cikin buhu ba tare da takardar makaranta ba. Kuma a tsaya a ƙasa, ban da mai tashi sama, domin jirgi maras matuƙi sai da izinin hukuma a Najeriya, balle a bakin daji.

In kun haɗa, ko da karkace yake tafiya, ku ɗauki bidiyo ku ɗora a TikTok da Facebook, ku rubuta sunan Kuyello ɓaro-ɓaro. Shekara da shekaru in aka nemi sunan garinmu a intanet labarin hari ke fara fitowa. Babu wanda zai canza mana wannan in ba mu ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yi wa hannuwanmu albarka. Sai mako mai zuwa.